Cigiyar yaro na mutuwa a rana ta uku: roƙo ga hukumomin Maradi da iyaye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu, ko da ya zarce wanda aka saba bayarwa, don maganar yaran da ke ɓata a Maradi.

Duk mai sauraron rediyon Anfani ko Garkuwa ko Sarauniya ya san muryar cigiya: yaro ɗan shekara 3, sanye da riga kaza, ya fita tun hantsi daga unguwar Zariya ko Bagalam, wanda Allah ya sa ya gan shi ya taimaka ya kai gidan mai unguwa. Galibinsu ana ganin su kafin a kwana, alhamdu lillahi. Amma akwai wanda za a karanta cigiyarsa kwana uku, kuɗin sanarwa ya ƙare, a yi shiru, daga ranar kuma babu takarda ɗaya a duk faɗin garin nan da ke cewa har yanzu ana neman sa. Uwarsa kaɗai ke ajiye da takalminsa. Irin wannan yaron muke wa magana. A ganinmu, abin da ke hana a gano shi yakan faru ne tun yinin farko, kuma babban ɓangarensa rashin rubutu ne.

Mu fara da cikin gida, tunda nan aka fi yin kuskure. Da an ce ba a ga yaro ba, kowa sai ya yi waje da gudu, a bar gidan ba wanda ya bincika shi da kyau. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ba ya nisa da ƙafarsa, kuma ba lallai ya amsa kira ba: in ya ji ana ƙwala sunansa da ihu yakan ɗauka duka ne zai sha, ya ƙara laɓewa, wani ma barci ne ya kwashe shi a bayan buhunan hatsi. A fara da wuraren da ke kisa cikin ƴan mintoci: rijiya, duro da randar ruwa, tankin da magina suka bari a buɗe, ramin shadda, tsohon firji, motar da aka aje a rana. Daga nan a bi kangaye da gidajen maƙwabta ɗaki-ɗaki, har ƙarƙashin gado. Da damina kuwa a tura mutane kududdufai da magudanan ruwa da bakin Gulbi tun a tashin farko. In ana zaton ya faɗa rijiya ko shadda, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, kada wani ya zura kansa ba igiya a ƙugu, domin iskar ƙasan rami tana sumar da babba kafin ya kai ga yaron, a wayi gari ana makoki biyu.

Mutum ɗaya ya zauna gida da takarda da biro. Aikinsa ya rubuta wa ya tafi ina, ƙarfe nawa, me ya gani. In ba haka ba, mutum goma za su duba lungu ɗaya, lungun da ke bayansa kuma ba wanda ya leƙa, kowa na zaton wani ya je. Shi ne kuma zai tambayi yaran da suka yi wasa tare da shi, ɗaya bayan ɗaya, a keɓe, ba tsawa. Kada a ce wa yaro "wani mai babur ne ya ɗauke shi, ko?" Zai ce e don a ƙyale shi, ƙaryar nan kuma ita za a bi har mako guda. A ce masa, "Ina kuka rabu? Daga nan me ya faru?" a bar shi ya faɗa da bakinsa.

Rahoto wajen hukuma ba ya jiran ƙarshen wannan nema, tare suke tafiya. Akwai maganar da ta zauna wa mutane cewa sai an kwana, ko sai awa 24 ta cika, kafin ƴan sanda su karɓi rahoton ɓata. Babu dokar da ta ce haka game da yaro ƙarami. In an duba gida da maƙwabta rabin awa ba a gan shi ba, mutum guda ya kira ƴan sanda a lamba 17, wani ya tafi komisariya da ƙafarsa; in a ƙauye ne, wajen jandarma. Lissafin ba wuya gare shi. Daga Maradi zuwa Ɗan Isa bai kai kilomita 50 ba, tafiyar awa guda ce a kabu-kabu, bayan ta sai Jibiya da Katsina, ban da ɓarauniyar hanya da ke ratsa gonaki ta yankin Madarunfa. Damagaram kimanin kilomita 240 ce a kan kwalta. Yaron da ya ɓata da ƙarfe 10 na safe, aka yi ta "bari mu gani" har bayan magariba, wanda ya ɗauke shi ya samu awa tara, ya isa Kano ya ci tuwon dare. Rahoton da aka kai a lokacin ihu ne bayan hari.

A komisariya akwai wani bambanci da iyaye da yawa ba su sani ba, shi ne kuma ke kashe magana. Rubuta labari a babban littafin da ke kan tebur daban, shigar da ƙara daban. Na farko shaida ce kawai cewa kun zo kun faɗa. Na biyu shi ne ake ɗaukar bayaninku a takardar da suke kira PV, ku sa hannu, ta wuce zuwa ga mai gabatar da ƙara na gwamnati a babbar kotun Maradi. Da izinin shari'a ne ake iya neman kamfanin salula ya fito da bayanan wata lamba, ko a karɓi hoton kyamarar wani shago. Saboda haka uba ko wakilinsa ya ce a fili yana son a ɗauki PV, ya nemi a haɗa shi da sashen da ke kula da lamarin yara ƙanana da mata, ya rubuta lambar takardar da kwanan wata da sunan jami'in da ke riƙe da maganar. Wanda ya fito ba waɗannan abubuwa uku, in ya koma bayan wata guda aka yi canjin ma'aikata, daga farko zai sake.

Sai kwatance. "Baƙi ne, ɗan gajere, yana da wayo" ya dace da rabin yaran Sabon Gari. Abin da ke aiki shi ne wanda ba ya wankuwa kuma ba ya tuɓuwa: tsagar gado in yana da ita, da yawan layukanta a kowane kunci, tabon ƙuna ko na kaciyar da ta yi gyambo, tawadar Allah da inda take, ƙaton cibi, wushirya ko giɓi, ɗingishi, in'ina, ko kurma ne, ko yana da farfaɗiya, da maganin da yake sha. Tabon allurar rigakafi na dantse ba alama ba ce, kusan kowane yaro na da shi. Tufafi a faɗe su, amma a sani mai sata cikin minti biyar zai sauya riga ya aske kai. A faɗi sunan da ake kiran sa da shi a gida, don yaron da aka sa wa sunan kakansa ana ce masa Baba ko Abba bai san sunan yanka ba. Hoto kuwa na watannin nan ake so, fuska a fili. Hoton Sallar bara, da hula da tabarau, ba ya nuna kowa. Kuma a ɓoye alama guda, kada ta shiga rediyo, kada ta shiga WhatsApp. Amfaninta zai zo nan gaba.

Da hoton a hannu, a raba mutane zuwa inda ake fita gari: tashoshin mota da na manyan bas, shingayen jami'an tsaro na hanyar Ɗan Isa, hanyar Tsibiri da Gidan Runji, hanyar Tasawa, hanyar Dakoro. A tasha, ɗan kamasho ya fi kowa ido, shi ya san motar da ta tashi da wanda ya shiga da yaro yana kuka. A ba shugabannin ƴan kabu-kabu da ƴan adaidaita hoton. In Litinin ce ko Juma'a, ranar kasuwa, a fara da motocin ƙauye kafin la'asar, domin ƙaramin yaro kan bi zanen da ya yi kama da na uwarsa har cikin mota, a sauke shi a garin da ba wanda ya san shi. A leƙa asibiti, har ɗakin ajiye gawa, ko da zuciya ba ta so. Gidajen mai da bankuna da manyan shaguna masu kyamara a je musu a ranar: na'urar tana goge tsohon hoto ta ɗora sabo, wata bayan ƴan kwanaki, wata bayan mako biyu, in ya gogu kuma ya tafi ke nan.

Game da kayan yaron da wurin da aka gan shi ƙarshe, akwai darasi a wata shari'ar da duniya ta sani. Ranar 3 ga Mayu 2007, Madeleine McCann, ƴar Ingila da ta kusa cika shekara 4, ta ɓata daga ɗakin da take barci a garin Praia da Luz na ƙasar Fotugal. Kafin a killace ɗakin, jama'a masu neman taimakawa sun yi ta shiga da fita, suna taɓa ƙofa da taga, an kuma ɗauki awoyi kafin kwatancenta ya isa ga masu tsaron iyaka. Ƴan sandan Birtaniya sun buɗe nasu binciken a 2011, sun kashe sama da fam miliyan 13, har yau ba a gan ta ba. In dukiya irin wannan ta kasa maido da abin da aka tattake a daren farko, ina ga mu? A nan ƴan jaje kan cika gida kafin jami'i ya iso, a share tsakar gida don baƙi, a wanke kayan yaro don uwa ta daina kallon su. A bar sawun ƙafa da na taya yadda suke, a kifa musu kwano ko tire. Hularsa, matajin kansa, rigar da ba a wanke ba, a sa su cikin ambulan na takarda, a rubuta kwanan wata. Kada a sa a leda, gumi ke taruwa ciki ya yi fumfuna ya lalata abin da gwajin ƙwayar halitta zai nema.

Lambar wayar da za a sa a cigiya ta zama ta namiji ko mace mai sanyin kai a dangi, kada ta zama ta uwar. Dalili shi ne, daga ranar da lambar ta fita, masu damfara za su fara kira. Wani zai ce yaron na hannunsa a Jibiya, a turo jika hamsin kuɗin mota. Wani zai sa wani yaro ya yi kuka a waya. A nan alamar da aka ɓoye ke aiki: "Me ke bayan kunnensa na hagu?" Wanda yaro ba ya hannunsa zai kashe waya. In kuwa da gaske ne ana neman kuɗin fansa, kamar yadda ake fama a ƙauyukan bakin iyaka, a nemi jin muryar yaron yana amsa tambayar da shi kaɗai ya san amsarta, a rubuta lambar da lokacin kowane kira, a kai wa mai bincike. A shari'ar yarinyar nan ta Kano ƴar shekara 5 da aka sace a Disamba 2021, an kama wanda ya sace ta wajen ƙoƙarin karɓar kuɗin fansa alhali ta riga ta rasu. Kuma mai makarantar da take karatu ne. Da ɗan gari akan ci gari. Yaro ba ya kuka in wanda ya sani ne ya kama hannunsa, shi ya sa jerin sunayen duk mai shiga gidan, da wanda aka sallama daga aiki, da wanda ake rikicin bashi ko gado da shi, ya kamata ya isa hannun mai bincike, ko da kunya.

Ba mu hana kowa addu'a da sadaka ba, mu ma muna yi. Amma mai duba da ya ce "yana gabas, kada ku kai wa hukuma, zai dawo da ƙafarsa ran Alhamis" ya ci kuɗinku ya kuma ci kwanakin da kyamara ke gogewa.

Wani kaso na cigiya ba sata ba ce ta baƙo. Aure ya mutu, dangin uba sun zo sun ɗauke yaro daga hanyar lakwal ba su faɗa ba, ko uwa ta tsallaka da shi wajen danginta. Wannan kira ɗaya ke warware shi, in an cire girman kai an kira tun awa ta farko. Wanda ya fi ciwo shi ne na almajirai da ƴan mata masu aikatau. An kawo yaro ɗan shekara 6 daga ƙauyen Mayahi, malam ya tashi ci-rani da yara arba'in, ɗaya ya gudu saboda duka ko ya ɓace wajen bara. Malam na zaton ya koma gida, iyaye na zaton yana makaranta, sai Sallah ta zo a gane wata biyar ke nan ba wanda ya gan shi. Wannan yaron ko cigiyar kwana ukun bai samu ba. Kowane malami ya kamata ya riƙe littafi mai sunan yaro da na ubansa da ƙauyensu da lambar waya, ya ƙirga yaransa safe da dare.

Sai maganar duka. Da an yi ihun "ɓarawon yara", kafin a tambaya an farfasa wa mutum kai. Sau da yawa mai taɓin hankali ne, ko baƙon da ya tsaya tambayar hanya, ko ma wanda ya tsinci yaron yana neman gidansu. In ma shi ne ɓarawon, an kashe bakin da zai faɗi inda sauran yaran suke da wanda ke saye. Ɓarnar ba ta tsaya nan ba: yanzu mutum kan ga yaro na kuka a bakin titi ya wuce, don tsoron kada a ce shi ne. Wanda ya tsinci yaro ya tsaya a wurin da shi na ɗan lokaci, ya kira mutum biyu shaida, su kai shi gidan mai unguwa ko komisariya tare. Kada ya kai shi gidansa ya riƙe "har a zo nema". Alƙalin yara ne ke da ikon cewa ga inda za a aje yaron da ba a san iyayensa ba.

In mako ya wuce, wata ya wuce, aikin ya sauya kama, amma bai ƙare ba. A Oktoba 2019 ƴan sandan Kano sun nuna yara 9 da aka sace daga unguwannin birnin aka kai Anaca ta jihar Anambra aka sayar. An sauya musu suna, wasu sun yi shekaru a can. A 2021 kotu ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Abin lura, yaron da aka ɗauka yana ƙasa da shekara 5 yakan manta sunansa da harshensa, fuska ta sauya, ranar da aka gano shi ba zai ce "ni ɗan unguwar Mokoyo ne" ba. Takarda ce za ta yi magana a madadinsa: PV ɗin nan, hoton, alamomin jiki, da takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a yi rajistar haihuwa, kyauta. Wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta kotu. Uwar da ba ta da takardar ɗanta, in aka same shi a hannun wata mai takardar jabu, ita ce za ta sha wahalar kafa hujja. In akwai alamar an tsallaka da yaro, iyaye su nemi a sanar da hukumar yaƙi da fataucin mutane ta ANLTP, wadda dokar 16 ga Disamba 2010 ta tanada, ita kuma ta tuntuɓi takwararta NAPTIP ta Najeriya, a kuma nemi ofishin ƴan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, na Yamai ya fitar da sanarwa mai launin rawaya, wadda ake yi don mutanen da suka ɓata. Duk wata a koma wajen mai bincike, a rubuta ranar da aka je da abin da ya ce.

Yanzu ga roƙonmu ga Mai girma Gwamna, da hukumar birnin Maradi, da Mai martaba Sarkin Katsinan Maradi, wanda masu unguwanni ke ƙarƙashinsa. A yau yaron da ya ɓata a unguwar Sura Bildi ana cigiyarsa a rediyo guda, yaron da aka tsinta a unguwar Ali Ɗan Tsoho yana zaune gidan mai unguwa, asibiti na da wanda aka kawo ba suna, jandarman Tsibiri na da nasu, kuma ba inda waɗannan labarai ke haɗuwa. A buɗe kundi guda, a ofishi guda, da lambar waya guda da ake ɗauka dare da rana. Shafin hagu na waɗanda suka ɓata, na dama na waɗanda aka tsinta. Kowane layi ya ɗauki lamba, suna da sunan gida, shekaru, unguwa, rana da awa, hoto, alamomin jiki, lambar PV, da wanda ke riƙe da maganar. Gidan rediyo kada ya karanta cigiyar yaro sai ya aika kwafinta can. Mai unguwa da asibiti su sanar cikin awa guda. Daga ofishin ne saƙo ɗaya, hoto da murya cikin Hausa don waɗanda ba su karatu, zai tafi ga shugabannin tasha da shingaye da Ɗan Isa a lokaci guda. A Amurka irin wannan shela ta gaggawa ta faro tun 1996. Mu da muke da sankira da lasifikar masallaci da WhatsApp ba sabon abu za mu koya ba.

Kowane saƙo ya ɗauki kwanan wata da sunan gari a jikin hoton kansa, don hotunan yaran da aka gano tun shekara uku har yanzu suna yawo a wayoyi, jama'a sun gaji sun daina dubawa. In an ga yaro, a ja layi a kundin, a rubuta inda aka same shi da yadda aka yi, a fitar da saƙon "an gan shi" ta hanyar da cigiyar ta bi. Wanda ba a ja wa layi ba, gidajen rediyo su karanta sunansa kyauta ranar Juma'ar farko ta kowane wata, jaridarku kuma, Malam Edita, ta ware masa kusurwar shafi guda.

Wassalam.

Daga wasu malaman makaranta da ma'aikatan kula da yara,
Maradi.